Babur Marar Sarƙa a Hanyar Paraku

Tun da na dawo daga Paraku ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta ƴan shayi da ke unguwar Dar es Salam a Yamai ba. Kowa ya zo sai ya tambaye ni ina babur, kuma wanda ya ji labarin jiya shi ya fi kowa matsa mini in maimaita yau. Isufu direba ya riga ya baza cewa ɓarayi suka ƙwace shi a dajin Benin. Malam Abdu tela kuwa cewa yake sayarwa na yi na ja bakina na yi shiru. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in sha shayina tun bai huce ba.

Babur ɗin dai ba nawa ba ne. Na yayana ne, marigayi Yaya Idi, wanda ya yi aiki a ma'aikatar noma. Ya saye shi hannun wani Bature da ya gama aikinsa a Yamai zai koma gida. Ƙaton abu ne ƙirar Turai, baƙi, in ya taho tun daga bakin kwalta ake jin rurinsa a cikin gida. Abin da ya raba shi da sauran baburan gari shi ne ba shi da sarƙa. A madadinta wani sandan ƙarfe ne a cikin bututu, ya taso daga inji ya shiga wani rufaffen ƙoƙo a tsakiyar ƙafar baya, shi ke juya ƙafar. Makanikai na ce masa kardan. Yaya Idi ya fi alfahari da wannan ƙoƙon a kan takardunsa na makaranta. In ya ga mutum tsugune a bakin hanya yana fama da sarƙa, sai ya rage gudu ya yi masa sannu, irin sannun da mutum zai so a ce ba a yi masa ba. Maganarsa kullum ita ce: "Masu shi sun ruhe shi da hannunsu, sun ce ba a buɗewa. Ni kau ba ni da shawara da masu sarƙa."

Ɗiyarsa ɗaya, Zuwaira. Tun tana ƴar mitsitsiya yake ɗora ta a kan tankin yana zagaya unguwa da ita, kuma ita ce ke fara rugawa ƙofa in ta ji kukan injin. Da ya rasu, matarsa Hajiya Furera ta gama takaba ta koma garinsu Paraku, a ƙasar Benin, da yarinyar. A rabon gado babur ya faɗa kason Zuwaira, aka bar shi hannuna amana. Ni ba gwanin manyan babura ba ne, ƙaramin nan irin na kowa nake hawa zuwa biro, wato ofis, a unguwar Plateau. Amma duk ranar Juma'a sai na fito da na Yaya Idi, na kai shi wurin wanki an feshe shi tas har cikin ƙafafu, na ɗan zagaya, na dawo na lulluɓe shi. A ganina haka ake riƙon kayan mamaci.

Shekaru suka wuce, Zuwaira ta gama karatun ungozoma, ta samu wani malamin makaranta suka daidaita. Ta kira ni a waya ta ce ni ne waliyyi, abin da dama na sani. Sannan ta ce, "Baba Salisu, abu guda nike roƙo. Ka zo bisa moton Abba. Ina son in ji kukanshi a ƙofar gida ran nan." Na ce to, ban ko yi shawara ba. Matata ta ce tsufa ya fara taɓa mini kai. Ta haɗa kayan biki ta shiga bas tare da mata suka yi gaba, suka bar ni da alkawarina.

Kafin in tashi na kai shi wurin Sumana, Bazabarmen makanikin da ke bayan masu katako a kasuwar Katako, wanda tun zamanin marigayi shi ke duba shi. Ya canza mai, ya sa sababbin tayoyi, ya gyara birki. Da ya zo kan ƙafar baya sai ya ƙwanƙwasa ƙoƙon da sufana, ya kara kunne, ya miƙe yana goge hannu. Ya ce, "Wanga ba mu taɓa shi. Marigayi ya hana." Da sarƙa ce da ya ja ta da yatsa ya gaya mini kwana nawa suka rage mata. Wannan kuwa babu abin ja, babu abin gani. Na biya wurin wanki aka ƙara feshe shi, duk da ba Juma'a ba ce.

Ranar Asabar da hantsi za a ɗaura aure, ni kuma na bar Yamai ranar Alhamis bayan asuba, don in isa da sauran lokaci. A shingen fita gari wani jandarma ya karɓi takardu, amma hankalinsa ba ya kansu. Ya zagaya babur ɗin ta dama, ya zagaya ta hagu, ya ce, "Ina sarƙar?" Na ji bakina ya ba shi amsar Yaya Idi kalma da kalma. Masu tambayata raƙuman dawa na garin Kure su huta, ban ga ko ɗaya ba. A Doso na ci burodi da ƙwai wurin mai shayi, na sayi kopto a leda, wato kwaɗon zogale na Zabarmawa, na rataye don rana. Daga Doso zuwa Gaya hanya ta sha wuya, akwai wuraren da ramuka suka fi kwalta yawa. Na wuce mutane da dama tsugune suna mayar da sarƙa. Ɗaya daga cikinsu na rage gudu na yi masa sannu. Ya ɗago ya dube ni ya dubi babur, ya ce, "Allah shi kai ka lahiya, Alhaji."

Gaya gari ne na rake da kifi da gumi. Gadar kan iyaka a rufe take, kowa ya san dalili, kuma ba shi ya kawo ni ba. Mutane ta ruwa suke ƙetarewa a manyan jiragen katako masu inji, da kaya da awaki da babura. Ƙananan babura mutum biyu ke ɗagawa su jefa ciki. Nawa sai da aka yi taro. Masu jirgi suka yi ta gardama cikin Dandanci, yaren mutanen wurin, wasu na cewa a tsaye, wasu na cewa a kwance, har masu kwance suka yi rinjaye aka kwantar da shi a kan buhunan albasa. Ban gama zama ba sai ga wata ƴar kasuwa mai jiki ta aje kwandon kajinta ta hau kansa ta zauna daram. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, wannan amana ce." Ta ce, "Ni ma amana ce, mijina na jirana a ƙetare." Haka muka ƙetare.

Da aka tayar da shi a gaɓar Malanbil, ɓangaren Benin, na ga wani siririn layin baƙin mai a jikin ƙarfen ƙafar baya. Na ɗauka daga injin jirgi ya ɗiga. Na zaro hankici na goge shi.

Ƴan sandan can ba su da hayaniya. Faransancinsu ya fi namu gudu, suka nemi katin allura da takardar babur, suka tambayi dalilin da sunan da ke kanta ba nawa ba ne. Da na ce na yayana ne da ya rasu, babbansu ya yi mini ta'aziyya ya miƙo takardun. Abin da ba sa wasa da shi hular kwano ce. Mu a Yamai hannun babur ke sa ta, su kuwa a ka suke son ganin ta, kuma da igiyarta ɗaure. Na sauka wurin wani Alhaji mutumin Tawa, dillalin albasa, abokin Isufu direba. Isufu ya ce mini gidan kamar otal yake. Ɗakin da aka ba ni rabinsa albasa ce, sai da na yi kwanaki jakata na warinta. Amma mutumin kirki ne. Aka kawo wani farin tuwon masara mai tsami, sanyi ƙalau, naɗe a ganye, da soyayyen kifi da barkonon da ya sa na nemi ruwa tun loma ta biyu. Mai gida ya ce shekarunsa da yawa a garin amma har yau in an kawo tuwon nan sai ya tuna mahaifiyarsa, don ita da ta gan shi cewa za ta yi ya lalace a zubar.

Ranar Juma'a na kama hanyar Kandi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mata ke sayar da esansi, wato fetur, kuma ba a ƴan kwalabe irin namu ba, a wasu manyan tuluna na gilashi. Ƴan kabu-kabu kuwa duk da riga iri ɗaya mai lamba a baya, ka ce ƴan makaranta. Gaisuwar Bargawa, mutanen yankin, ita ma sai ka tanadi lokaci. Manya biyu za su haɗu su rusuna kusan ƙasa, wannan ya yi gunaguni wancan ya amsa, ba wanda ke son ya riga miƙewa. Mu da muke ganin mun iya doguwar gaisuwa, a can yara ne.

A Kandi na yi sallar Juma'a, na zauna rumfar wata mata ina cin sakwara da wagashi, wani cuku mai taushi da Fulanin can ke yi ana soyawa a sa a miya. Wannan kam ko a gida zan nema. Ina cikin ci sai ga wani tsohon Bature siriri ya tsaya da babur irin nawa, an ɗaure masa akwatuna ko ta ina. Ya ce daga ƙasarsu ya taho, kudu ya nufa. Ni bai gaishe ni ba, babur ɗin ya gaisar. Ya tsuguna a bayansa, ya nemi izini ya ɗora shi a kan ƙafar tsayawa ta tsakiya, ya kama tayar baya sama da ƙasa ya girgiza. Na ji ƙwas, ƙwas. Ya zura yatsa bayan ƙoƙon ya fito da shi baƙi, man yana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli.

Ya ce, "Tun yaushe yake zubar da mai?"

Na ce ban taɓa gani ba sai jiya, kuma ni duk mako nake kai shi wanki.

Ya ce, "Duk mako?" Ya dube ni. Ya ce to ai shi ke nan, abin ya daɗe yana faɗa, ana wanke maganar.

Da Faransancinsa mai ɗingishi ya yi mini bayani. A cikin ƙoƙon akwai wani babban rulma, zoben ƙarfe mai ƙwallaye wanda ƙafar ke juyawa a kansa. A masana'anta ake daidaita shi da wasu siraran faifai, da awo. In ma'aikacin ya auna daidai, babur zai tsufa abin bai ce uffan ba. In ya matse shi ko da kaurin gashi ne, sai ya riƙa cin kansa a hankali. Daga waje duka iri ɗaya ne, mai saye ba shi da hanyar sanin wanne ya ɗauka. Ya ce a ƙasarsu masu irin babur ɗin har ƙungiya gare su, ba su da aiki sai kuka da kamfani. Kamfani kuma ya ce shi bai taɓa jin labari ba, daga baya ya canza ƙirar shiru bai ce wa kowa komai ba. Nasa ma ya taɓa zubar da shi a wata ƙasa, shi ya sa yake yawo da sabon rulma naɗe cikin safa. Ya fito da shi muka gwada da ido, ashe ba shekararsu ɗaya ba, nasa ya fi faɗi.

Na ce to me ya sa yake hawa har yanzu? Ya ce don babu babur kamarsa a duniya. Yana zagin kamfanin yana shafa tankin.

Na zauna ina kallonsa ina lissafin bambancinmu. Su sun sayi abu a kan ba zai lalace ba, in ya lalace sai su ji an ci amanarsu, su nemi wanda za su kama. Mu kuwa tun a shago mun san zai lalace, mai sayarwa ya sani, wanda ya ƙera ma ya sani, shi ya sa ya bar komai a waje inda hannu ke kaiwa. Sarƙa ba ta ɓoye ciwonta. Za ta saki, ta yi ƙara, ta faɗi, a mayar, kuma kowane ƙauye akwai mai mayarwa. Yaya Idi ya sayi yardar Turawa tare da babur ɗin, amma wanda ya sayar masa bai haɗa masa da zarginsu ba.

Baturen ya kwance wata ƴar ƙusa a saman ƙoƙon, wadda a iya sanina ba a taɓa kwancewa ba, muka sayo man giya a shagon kayan manyan motoci muka ɗura. Na ce, "Zai kai ni Paraku?" Ya ɗaga kafaɗa ya ce wataƙila har bakin teku, wataƙila bayan gari. Mutumin gida da in sha Allah zai ce, ma'anar kuma ɗaya ce.

Na tafi a hankali, kunnena na baya. Na wuce Gogunu lafiya, har na fara cewa tsohon ya cika tsoro. Bayan la'asar, ban kai Bembereke ba, sai na ji kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Bayan babur ya fara rawa, na lallaɓa na gangara gefe, Allah ya sa ban faɗi ba. Tayar baya ta jiƙe sharkaf da mai. Injin kuwa yana ta rurinsa lafiya lau, kamar ba da shi ake ba. In na sa giya sai dai ƙara daga ƙoƙon, ƙafar ko motsi.

Akwai ɗan ƙauye kusa, mutane suka fito, aka fara da gaisuwa kafin a zo kan matsala. Makanikin garin yana da rumfa a gindin mangwaro, ya rataye tsofaffin sarƙoƙi a reshe. Shi ma ya duba dama ya duba hagu. Ya ce da sarƙa ce, kafin in gama alwala ya gama. Na ce ya buɗe, tunda yanzu babu sauran abin da za a ɓata. Ya tara kwano a ƙasa ya kwance murfin, gutsattsarin ƙarfe suka zubo, har da haƙoran da suka kakkarye. Ya kaɗa su a kwanon ya ce wannan ko a Paraku babu, sai dai a aiko daga inda aka yi shi. Samari suka ɗaga bayan babur suka tura gabansa har gidan liman.

Limamin tsoho ne, ya ce kakansa Bakatsine ne da fataucin goro ya kawo shi ya zauna. Hausarsa irin ta da ce, wadda rabona da ji tun kakata. Ya ba ni ɗakin baƙi da dafaffiyar doya da manja. Bai tambaye ni komai ba sai da na ci na ƙoshi.

Da gari ya waye hanya biyu ke gabana. Akwai taksi da ke wucewa da sassafe, in na shiga zan isa Paraku kafin ɗaurin aure, amma ba wurin babur. Akwai kuma wata babbar mota da ake loda wa gawayi a bayan gari, direban ya yarda zai ɗaure babur a baya, sai dai ba ya tashi sai ta cika, ya ce wajen azahar. Liman ya ce in bar babur wurinsa ko shekara ce ba abin da zai taɓa shi, kuma na yarda da shi.

Na kira Hajiya Furera na gaya mata. Ta ce, "Salisu, ka bar ƙarfen nan ka taho. Mutane sun taru, wa zai ba da yarinya?" Matata ta karɓi wayar ta faɗi abin da ba zan rubuta ba. Can sai na ji muryar Zuwaira ƙasa-ƙasa, da alama daga cikin lulluɓi take magana. Na gaya mata yadda ake ciki, na ce ta zaɓa.

Sai ta ce, "Baba Salisu, in ka wakilta Kawu Musa, aure zai ɗauru?" Kawu Musa ƙanen mahaifiyarta ne.

Na ce zai ɗauru.

Ta ce, "To wa za ka wakilta ya yi kukan moton Abba?"

Na ce mata ƙafar baya ta mutu, ba ya tafiya, sai dai a ɗauke shi. Ta ce, "Inji fa?" Na ce inji lafiyarsa lau. Ta ce, "To."

Maganar ta ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Na ɗinka sabuwar farar shadda wurin Malam Abdu saboda ranar nan, na yi ta bitar abin da zan faɗa a gaban jama'a tun daga Doso. Ga shi an auna ni da babur, babur ya fi nauyi. Amma da na sake dubawa ban ga inda ta yi kuskure ba. Taksi ta zo ta yi oda ta wuce.

Da hantsi na yi wanka na sa shaddar duk da haka. Aka kira daga Paraku, na buɗe muryar waya, liman da makaniki suka tsaya shaida, na ce na wakilta Musa ya ba da auren ɗiyata Zuwaira. Ina zaune a kan buhun gawayi na ji an yi siga, an shafa fatiha. Na ɗaga hannu, liman ya ɗaga, masu lodi suka aje buhuna suka tsaya. Waɗanda ba Musulmi ba a cikinsu suka cire huluna. Da aka gama suka zo ɗaya bayan ɗaya suna yi mini barka da baƙaƙen hannuwansu.

Azahar ɗin direba ta kusa la'asar. An ɗora babur da katakai an ɗaure shi a ƙarshen mota, amma igiyar na saki a kowane rami, don haka na bar gaban mota na koma baya na riƙe shi. Mun tsaya a kowane shinge. A Indali direba ya ce yunwa yake ji, ya shiga rumfa ya ci sakwara a natse ina kallonsa daga sama. Ban taɓa sanin gawayi na shiga har cikin kunne ba sai ranar.

Rana ta yi ja muka shiga Paraku. Motar ba ta iya shiga lungun gidan a unguwar Zongo, sai samarin biki suka sauke babur suka ɗaga bayansa suka shigar da shi. Motocin kai amarya sun riga sun jeru, ana kiɗan ƙwarya a ciki ana guɗa. Matata na tsaye a ƙofa cikin mata. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta dubi abin da ya saura na farar shadda, ta juya kamar ba ta san ni ba. Hajiya Furera ta leƙo, idonta ya faɗa kan babur, ta koma ciki.

Na sa aka tsayar da shi daidai ƙofa a kan ƙafarsa ta tsakiya. Na danna, ya yi tari ya mutu. Na sake dannawa ya kama. Na murɗa masa wuta kamar yadda Yaya Idi ke yi in ya iso gida, rurin ya cika lungun. Kiɗan ƙwarya ya tsaya, guɗa ta tsaya. Na ga alkawari ya cika, na kai hannu zan kashe, sai ga Hajiya Furera ta fito tana share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Zuwaira ta ce kar ka kashe."

Na tsaya riƙe da shi. Dangin ango na duba agogo. Can aka fito da amarya a lulluɓe, mata na riƙe da ita ta kowane gefe, za a wuce da ita mota. Ta ja ta tsaya. Ta fito da hannunta mai lalle ta ɗora a kan tankin, daidai inda ake zaunar da ita tana ƙarama, ta bar shi nan injin na girgiza shi. Na ji ta ce, "Sannu da zuwa, Abba." Sannan ta lalubi makulli ta kashe da kanta, aka wuce da ita.

Ni bas na shigo na dawo tare da mata, kuma har muka iso Yamai ana ba da labarin shaddata. To Isufu, ba ɓarayi, Malam Abdu, ban sayar ba. Babur yana Paraku a zauren Hajiya Furera, wurin mai shi. An ce akwai wani a bakin teku da ke iya sa a aiko da ƙoƙon, ko za a dace da wanda aka auna daidai, wannan sai an hau a gani. Da safen da zan taho na leƙa zauren, yana nan baƙi ƙirin da ƙurar gawayi, sai shatin yatsu biyar a kan tanki. Wata mata ta taho da bokiti da soso, na ce ta mayar, kada wanda ya wanke shi.